Nauyin Baki Ko Rashin Ji? Shawara Ga Iyayen Yaron Da Ba Ya Ji

 

"Ƙyale shi, nauyin baki ne. Ubansa ma sai da ya yi wayo ya buɗe baki." Da wannan magana ake kwantar wa uwa da hankali a gidaje da yawa, kuma da ita ake cinye wa yaron da ba ya ji shekarun da suka fi kowaɗanne amfani a rayuwarsa. Galibi uwa ce ke fara shan jinin jikinta. Ta kira sunansa daga bakin murhu bai waiwayo ba. Kwano ya faɗi kusa da shi yana barci, ko motsi bai yi ba. Ɗan maƙwabta da aka haifa a bayansa har ya fara cewa "Mama, ruwa", shi kuwa sai nuni da yatsa da kuka. Idan ta yi magana a ce ta cika wasi-wasi. Daga nan a kira wanzami ya cire beli, ko ya yanke 'yar jijiyar ƙarƙashin harshe, a nemo taimako nan da can, a ci gaba da jira. Kunnen da matsalar take ciki kuwa ba wanda ya duba. Sai yaro ya kai shekara biyar ko shida, sa'o'insa sun shiga makaranta, sannan a kawo shi wurin masu gwajin ji.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe. Yaron da ba ya ji, hankalinsa da ƙwaƙwalwarsa lafiya lau suke. Abin da ke durƙusar da shi shi ne ya yi shekarunsa na farko babu harshen da zai yi tunani da shi, ya yi tambaya a ba shi amsa, na baki ne ko na hannu. Wannan kuwa abu ne da iyaye ke da ikon hanawa tun daga yau, ko ba su da kuɗin na'ura, ko asibiti ya yi musu nisa.

Me ya sa jira ke da haɗari?

Jariri yana fara jin sauti tun yana ciki, a watannin ƙarshe kafin haihuwa. Daga haihuwa zuwa shekara uku ƙwaƙwalwarsa tana kama harshe da saurin da ba za ta sake samu ba, kuma bayan shekara biyar abin yakan ƙara wuya sosai. Ba wanda ke zaunar da yaro mai ji ya koya masa Hausa. A bayan uwarsa yake tsintar ta: cinikinta da mai kayan miya, faɗan da take yi wa yayansa, gaisuwar baƙi, kiran salla, rediyo. Yaron da ba ya ji yana cikin gidan, amma duk wannan ba ya isa gare shi. Idan aka bar shi haka zai tashi da 'yan alamu na "zo", "tafi", "ci", "bari", alhali tsararrakinsa sun san dubban kalmomi. In ya shiga makaranta karatu ya gagare shi, sai a ce ai kurma ba ya gane karatu, a manta da shekarun da aka bar shi hannu rabbana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hujja tana nan a gidajen da iyaye kurame suka haifi ɗa kurma. Da yake tun daga zanen goyo ake yi masa maganar hannu, yakan fara gwaranci da hannuwansa a watannin da mai ji ke gwaranci da baki, ya yi alamarsa ta farko wajen shekara ɗaya, ya haɗa alamu biyu wajen shekara biyu. Bai makara da komai ba. Sai dai fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, ba su taɓa zama da kurma ba, ba su san ta inda za su fara ba.

Kuma abin ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara yana fitowa ne daga abubuwan da za a iya kauce musu.

Alamomin da za a lura da su

Daga haihuwa zuwa wata uku, jariri yakan zabura ko ya ƙifta ido idan aka yi ƙara mai ƙarfi, yakan kuma lafa idan ya ji muryar uwarsa. Daga wata huɗu zuwa shida yana juya ido ko kai wajen da sauti ya fito. Tsakanin wata shida da goma sai gwaranci, "ba-ba-ba", "da-da-da". A shekara ɗaya yana amsa sunansa, yana gane "bari" ko ba a nuna masa da hannu ba, yana faɗin kalma ɗaya ko biyu. A shekara biyu yana haɗa kalmomi biyu. Yaron da ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan matakai, kunnensa ne abu na farko da za a gwada.

Kada kuka da dariya su ruɗe ku. Jariri kurma yana kuka, yana dariya, yana fitar da 'yan sautuka a watannin farko kamar kowane jariri. Daga baya ne muryar ke raguwa, don ba ya jin kansa.

Akwai kuma yaron da ke ji kaɗan-kaɗan, kuma shi ya fi shan wahala a ɓoye. Yana jin tsawa, yana jin ƙahon mota, amma kalmomi a cakuɗe suke zuwa masa. Yakan ƙura wa bakin mai magana ido, ya yawaita "iye?", ya manna waya ko rediyo a kunne, maganarsa ta fito babu sautuka irin su s, sh, f da ts. A aike shi gishiri ya kawo sukari, a ce kunnen ƙashi gare shi, a dake shi. Haka nan duk yaron da yake magana, ya yi zazzaɓi mai zafi, ya tashi ya daina amsa kira, a garzaya da shi.

Gwajin gida ba ya isa

Iyaye kan ce mini, "Ai mun gwada shi, yana ji." Ga yadda gwajin kan kasance. Yaro na zaune a tabarma, uwa ta lallaɓa ta bayansa ta tafa da ƙarfi, ya waiwayo, kowa ya yi hamdala. To amma iskar tafin ta taɓa ƙeyarsa, inuwar uwar ta gifta a bango, takunta ya motsa ƙasar da yake zaune, yayarsa da ke gabansa kuma ta ɗaga ido ta kalli bayansa. Yaro kurma gwani ne wajen karanta irin waɗannan, domin da su yake rayuwa. In ana daka ma yakan juya wajen turmi, saboda dukan taɓarya ta ƙasa yake zuwa masa. Ko da ma tafin ya ji, jin tafi daban, jin magana daban.

Gwajin asibiti ba ya jiran yaro ya yi wayo. Jaririn kwana biyu ma ana gwada shi. Akwai wanda likitoci ke kira OAE: ana sa ɗan abu mai laushi a bakin kunne, na'ura ta aika sauti mara ƙarfi, ta auna amsar da kunnen ciki ya mayar. Minti kaɗan ne, babu zafi, in yana barci ma ya fi. Akwai kuma ABR: ana manna 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne, a auna yadda jijiyar ji ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, a gane ko raunin kaɗan ne, matsakaici, ko mai tsanani. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce a yi wa jariri gwajin ji na farko kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6.

Ku nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. Akwai irin wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da na Jos, haka ma Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Ku faɗa musu kai tsaye: "Gwajin ji muke so a yi wa yaron nan." In babu na'urar a inda kuka je, ku nemi takardar tura ku inda take.

Daga ina matsalar take?

Raunin ji iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu zai tsare muku aljihu. Na farko shi ne wanda wani abu ya tare wa sauti hanya: dauɗa ta toshe kunne, ruwa ya taru a bayan dodon kunne bayan mura, ko kunne na zubar da mugunya. Wannan galibi yana jin magani, wani lokaci da 'yar tiyata. Kunnen da ke zubar da ruwa ba abin sakaci ba ne, kuma kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye, kada a sa tsinke, ashana ko gashin kaza.

Na biyu shi ne wanda ya taɓa kunnen ciki, inda wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi ke mayar da sauti saƙon da jijiya za ta ɗauka. Waɗannan in sun mutu ba sa sake tsirowa. Babu ƙwaya, babu allura, babu maganin ɗigawa da ke dawo da su. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai buɗe kunnen, kuɗinku da lokacin ɗanku zai ci. Addu'a kam ba a barin ta, amma a haɗa ta da tashi tsaye.

A ƙasar Hausa sanƙarau na kan gaba cikin abubuwan da ke jawo wannan. Muna tsakiyar yankin da cutar ke zagayowa da bazara, kuma annobar 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tashi daga sanƙarau mai tsanani yakan fita da wata larura mai ɗorewa, kuma kurumta na cikin waɗanda aka fi gani. Shi ya sa duk yaron da ya warke daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa kafin wata guda ya cika. Sai ƙyanda da hangum, da shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, da doguwar naƙuda da ta hana jariri yin kuka da wuri, da haihuwar bakwaini, da wasu cututtuka da ke kama uwa tana da ciki, irin su rubela. Akwai kuma allurai irin su jentamaisin, masu ceton rai idan likita ya auna su daidai nauyin yaro, masu kashe kunne idan aka yi ta dirka su a kemis babu lissafi. Allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15, da ta sanƙarau, da kai jaririn da idonsa ya yi ɗorawa asibiti a ranar da aka gani, duk tsaron kunne ne.

Sai gado. Uba mai ji da uwa mai ji suna iya haifar kurma idan kowannensu na ɗauke da irin abin a jininsa bai sani ba, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar. A lura, daga ɓangarorin biyu yake zuwa. Don haka dangin miji su daina ɗora wa uwa laifi, kishiya ma a daina zarginta da sammu. Uwar da ake yi wa gori ba ta da natsuwar da za ta koyar da ɗanta, shi kuwa a hannunta mafi yawan aikin yake.

Batun na'ura

Yaron da ke da sauran ji, na'urar ƙara ji tana yi masa amfani ƙwarai, kuma ana sa ta tun yana ɗan watanni. Amma ba a saye a kasuwa ko a intanet a maƙala. Masani ne ke saita ta daidai da sakamakon gwajin yaron, domin wadda ta yi ƙarfi da yawa tana iya lalata ɗan jin da ya rage. 'Yar robar da ke shiga kunne ana zuba ta ne daidai kunnensa, kuma da yake kunnen yaro na girma, ana sake ta a kai a kai. In kuka ji na'urar tana fito, galibi robar ce ta yi masa kaɗan. A sa masa ita duk lokacin da idonsa biyu, a cire lokacin wanka da barci. Zufa, ruwa da ƙurar hunturu su ne abokan gabanta, don haka a goge ta da dare a ajiye a gwangwani mai murfi. Kowace safiya uwa ta duba batir. Batirin nan ƙarami ne, haɗiye shi na iya kisa, a ɓoye shi nesa da yara.

Ga wanda rauninsa ya yi tsanani akwai na'urar da ake dasawa a kunnen ciki ta hanyar tiyata. Tana aiki, musamman in an yi da wuri, amma kuɗinta miliyoyin naira ne, kuma tana buƙatar shekaru na horo da saiti da sayen kayan gyara. In sanƙarau ne sanadi, a tuntuɓi likita da gaggawa, domin kunnen ciki kan iya cikewa da ƙashi cikin 'yan watanni, dashen ya yi wuya.

Ko wacce aka samu, na'ura sauti take kawowa, ba ta koyar da magana. Mutanen gida ne za su yi ta yi wa yaron hira har sautin ya zama ma'ana. Kuma ranar da batir ya ƙare, ko na'urar ta lalace, ko ana tara kuɗin sayenta, yaron yana nan yana girma. Shi ya sa nake ba kowane gida shawara ɗaya: ku fara maganar hannu yau.

Maganar hannu cikakken harshe ce

Tsoron iyaye shi ne in yaro ya saba da hannu ba zai yi magana da baki ba. Bincike bai goyi bayan wannan tsoro ba. Yaron da ya riga ya san cewa kowane abu yana da suna, ya iya tambaya da amsa da hannu, ya fi saurin kama magana da karatu a kan wanda aka bari fayau. Yaranmu suna tashi da Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Barbarci, ba wanda ya hana wani. Hannu da baki ma haka suke tafiya tare.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu tun kaka da kakanni, da shi suke ciniki, su yi gardama, su ba da labari, har a Kano akwai sarautar Sarkin Bebaye. Wata masaniyar harsuna Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarci harshen, ta fitar da littafi a kansa mai suna Maganar Hannu a shekarar 2000. Harshen hannun da ake koyarwa da shi a makarantu kuma ya samo asali ne daga na Amurka. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda sanƙarau ya kurumtar yana shekara 11, shi ya kawo shi, ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa sama da 30 a ƙasashen Afirka. Wanda ya yi wannan aiki kurma ne, iyaye su riƙe wannan da kyau.

Wanne za ku koya? Wanda ya fi kusa da ku, ku fara da shi, in lokacin makaranta ya matso ku ƙara da na makaranta. Babban malaminku yana nan cikin unguwa: telan nan kurma, ko kafinta, ko matar nan mai kitso. Ku je ku gaishe su, ku roƙi su riƙa zuwa gida ko sau ɗaya a mako. Yaro zai ga babba irinsa mai sana'a da iyali, ku ma hankalinku zai kwanta. Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa tana da rassa a jihohi, malaman makarantun kurame ma suna taimakawa. Duk alamar da aka koya muku, ku ɗauke ta a bidiyon waya don maimaitawa.

Yadda za a yi a cikin gida

Mu ɗauki lokacin karin kumallo. Uwa ta zauna ƙasa daidai tsayin yaron, hasken ƙofa yana kan fuskarta. Ta dafa kafaɗarsa a hankali, ta jira ya ɗago. Ta ɗaga kofin koko kusa da fuskarta, ta yi alamar sha, ta kuma faɗa da baki, girarta a ɗage don ya gane tambaya ce: "Koko. Za ka sha?" Ta taɓa kofin ta janye hannu da sauri, ta yamutsa fuska: "Da zafi." Ta fifita, ta ɗanɗana, ta yi murmushi: "Ya huce." Sannan ta dakata. A cikin wannan dakatawa ne yaro ke samun damar cewa wani abu. Ko hannu ya miƙa, ko alamar ya kwaikwaya a karkace, ta amsa masa da fara'a, ta sake yin alamar daidai. Kafin kofin ya ƙare ya ga koko, sha, zafi, sanyi, ƙari, ya ƙare. Haka za a yi a wanka, a sa riga, a ba awaki dusa, a tafiya kasuwa. A tuna ba zai iya kallon abu da kallon fuska a lokaci ɗaya ba. A bar shi ya gama kallon abin, in ya ɗago sai a ba shi sunansa.

Goyo yana da daɗi, amma yaro kurma a baya ba ya ganin fuska ko hannun uwarsa. In aiki ya lafa a sauke shi, a zaunar da shi inda zai ga abin da ake yi. Da dare in babu wuta, hira ta yanke masa ke nan, sai a haska fitila a kan fuskar mai magana, kada a dalle masa ido. Kada a rufe baki da mayafi, kada a yi magana da goro ko abinci a baki, kada a yi ihu, domin ihu yana ɓata siffar leɓe. Ga mai ɗan ji, a kashe rediyo, a matsa nesa da janareta, a matso kusa da shi.

Kowa a gidan a yi masa alamar suna: Baba, Inna, Yaya, Kaka, har shi yaron. Kuma a kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna, a hana yara da manya mayar da "Bebe" sunansa. In ana dariya a gaban tire, wani ya juya ya gaya masa abin da ya faru. In uwa za ta fita ta sanar da shi inda za ta da lokacin dawowa, kada ta sulale. In za a je asibiti ko gidan kaka, a nuna masa hoto a waya tukuna. Yawancin fushi da jifa da birgima da ake gani a wurin waɗannan yara, har a ce aljanu ne, takaicin rashin fahimta ne. Da zarar harshe ya samu sai ka ga sun ragu. Duka ba ya ƙara masa komai sai tsoro.

Malam maigida, wannan aiki har da kai. Sau da yawa uwa da 'yar'uwa ɗaya ce ke iya magana da yaron, uba kuwa sai ya kira su su yi masa tafinta da ɗan cikinsa. Ka koyi alama biyar a mako. Ka riƙe hannunsa zuwa masallaci, ka tafi da shi gona ko shago, ka nuna masa sunayen kayan aikinka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Makaranta, addini da tsaro

Kada a jira sai ya shekara bakwai ko takwas. Tun yana shekara biyu ko uku a fara buɗe masa littafi mai hotuna, a ba shi labarin da hannu, a nuna masa rubutun sunansa. A Kano akwai makarantar Tudun Maliki, akwai makarantun kurame a Kaduna, da Bassa a jihar Filato, da Yamai, kuma yawancin jihohi suna da makarantar masu buƙata ta musamman. Kafin ku sa shi, ku je ku gani da idonku. Malaman sun iya maganar hannu sosai? Akwai kurame cikin malamai? Yara nawa ne a aji? In ta kwana ce, ina suke kwana, wa ke kula da su? In kun kai shi ku riƙa ziyara, ku ci gaba da koyon harshensa, don kada ya dawo hutu ya zama baƙo a gidan ubansa. Mai ɗan ji da ke makarantar unguwa kuma, a zaunar da shi a gaba, malam ya riƙa fuskantarsa, kada ya yi bayani yana kallon allo.

Doka tana bayanku. A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare.

Alwala da salla da ido ake fara koyonsu, don haka ya tsaya kusa da ku. Amma kada a tsaya a kwaikwayo. Yana da haƙƙin sanin wa ake bauta wa da dalilin yin haka, wannan kuwa sai da harshe. Kuma kada larurarsa ta zama dalilin tura shi bara.

A koya masa duba dama da hagu kafin tsallaka titi, domin ba zai ji ƙahon babur ko na A Daidaita Sahu ba. A koya masa, namiji ne ko mace, alamun sassan jikinsa, da "a'a", da "ciwo", da "wane ne". Mugaye suna neman yaron da suka san ba zai iya ba da labari ba. Yaron da ke da harshe yana iya kai ƙara.

Kira

Ga hukumomin lafiya: yawancin jariranmu a gida ake haifarsu, amma ana kai su allurar rigakafi. A Legas, Dakta Bolajoko Olusanya ta nuna cewa ana iya gwada jin jarirai a wuraren allurar BCG, kuma ma'aikatan lafiya na unguwa suna iya yin gwajin in an horar da su. Jihohin Arewa su ɗauki wannan hanya, su kuma buɗe azuzuwan koyon maganar hannu ga iyaye a makarantun kurame.

Ga iyaye kuma, in zuciyarku tana raya muku wani abu game da jin ɗanku, abu uku nake roƙon ku yi a cikin makon nan. Ku kai shi gwajin ji. Ku nemo kurma babba a unguwarku ya fara koya muku. Ku zaɓi alamu goma na abubuwan da yaron ke gani kullum, kowa a gidan ya riƙa yi masa su, daga kaka har autan gida. Kada ku jira sakamakon asibiti kafin ku fara. In gwaji ya nuna yana ji, ba ku yi asarar komai ba. In ya nuna ba ya ji, kun riga kun ceto masa watannin da ba a sayen su da kuɗi. Allah Ya raya mana su, Ya ba mu ikon sauke amanarsu.